Amsar Wasiƙa: Me Ke Sa Hoto Dishi-dishi a Kyamara Marar Madubi?

Wasiƙar da muka ɗauko yau daga Zariya ta fito, daga hannun wani dattijo wanda ya ce ya shekara da yawa yana ɗaukar hoto a wuraren suna da ɗaurin aure da hawan salla. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ya sayi kyamara ta hannu, irin marar madubin nan, ya ɗaura mata dogon gilashi, sai ya lura hotunan da ya ɗauka a 1/100 ko 1/125 na daƙiƙa suna fitowa dishi-dishi ko da ya kafa ta bisa ƙafa uku, alhali kuwa in ya ɗauka a 1/1000, ko ya bar ta daƙiƙa biyu cur, hoto garau yake fita. Ya ce ranar salla ya ɗauki wani mahayi, da ya faɗaɗa hoton a kwamfuta sai ya ga kowane zaren aikin da ke wuyan rigarsa ya zama biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ya rufe da tambayar da ta taɓa mini zuciya: shin tsufa ne ya sa hannunsa rawa, ko gilashin ne ya lalace ya sayar da shi?

To Malam, Allah ya ƙara girma. Kada ka tuhumi hannunka, kada kuma ka kai gilashin kasuwa tukuna, domin hujjar da za ta wanke su duka biyun tana cikin wasiƙarka: hannun da bai riƙe kyamara ba ba ya girgiza ta, gilashin da ya lalace kuwa ba ya zaɓen daƙiƙar da zai nuna aibinsa. Alamomin da ka zayyana na girgizar labule ne.

Ga yadda mas'alar take. A gaban farantin nan mai karɓar haske, wanda masu sana'a ke kira sensa, akwai labule biyu na siraran fayafai, na farko ya buɗe haske ya shiga, na biyu ya bi bayansa ya rufe. A tsohuwar kyamara mai madubi labulen a rufe yake zaune yana jiranka. Amma marar madubi, da yake ba ta da hanyar nuna maka abin da ke gabanka sai ta wannan farantin, dole labulenta ya zauna a buɗe, saboda haka idan ka latsa maɓalli sai ya fara rufewa da ƙarfi, nan take ya buɗe a ɗauki hoton, ya sake rufewa, sa'an nan ya koma buɗe. Bugun rufewar farkon nan bai gama lafawa ba ake fara ɗauka. Misalinsa kamar ka dangwarar da ƙwaryar ruwa ƙasa ne, ka leƙa a take kana neman ganin fuskarka. Kuma da yake fayafan sama da ƙasa suke tafiya, shi ya sa zaren rigar ya ruɓanya ɗaya bisa ɗaya, bai yi gefe ba.

Girgizar ba ta daɗewa, wannan kuwa shi ne sirrin abin da ya ɗaure maka kai. A 1/1000 an gama ɗauka kafin motsin ya yi nisa. A daƙiƙa biyu motsin ɗan ƙanƙanin rabo ne na lokacin, sauran duk cikin natsuwa aka ɗauka. Amma galibi tsakanin 1/60 da 1/250, ɗaukar da girgizar kusan tare suke farawa su ƙare. Dogon gilashi kuwa yana ƙara girman motsin kamar yadda yake ƙara girman abin da ke nesa.

Ba kai kaɗai wannan ya sama ba. Sony A7R da ta fito a 2013, mai megafiksel 36, ta yi suna da wannan illa, har sai da magajiyarta A7R II ta zo a 2015 da gyara. Olympus sun sabunta manhajar E-M1 a 2014 suka ƙara mata saitin Anti-Shock na daƙiƙa sifili, Panasonic kuma suka sake ƙirar labule a GX80 ta 2016. Nikon ma da suka fitar da Z9 a 2021 ba su sa mata labulen ɗauka mai motsi ba sam.

Ka jarraba da kanka domin ka samu yaƙini. Manna shafin jarida a bango, ka kafa kyamara bisa ƙafa uku, ka sa ta jinkirta ɗauka don kada yatsanka ya taɓa ta, ka ɗauki shafin daga 1/30 har 1/500 ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ka shiga jerin saiti ka nemi labulen farko na lantarki, wato inda farantin da kansa ke fara ɗauka ba tare da wani faifai ya motsa ba, ka kunna, ka maimaita. Ka dubi ƙananan baƙaƙen rubutun a kwamfuta. A ra'ayina wannan saiti shi ne magani mafi nagarta, sai dai ka kashe shi idan ka wuce 1/1000 gilashi na buɗe sosai, domin a nan yakan ɓata laushin bayan hoto. In kuwa kyamararka ba ta da shi, kamar A7R ta farko, to ka ƙaurace wa tsakanin 1/60 da 1/250 idan dogon gilashi ke kai, ka ƙara ISO ka haura sama da 1/250.

Akwai kuma saƙo daga wata 'yar'uwa a Maraɗi, ta ce ta koma ɗauka marar ƙara, wadda lantarki ce zalla, dishi-dishi ya tafi, amma a zauren biki ratsi-ratsi ke fitowa a hotunanta. Malama, wutar Nijar da Najeriya sau 50 take juyawa a daƙiƙa, fitilu da yawa suna ƙyaftawa sau 100, farantin kuwa layi-layi yake karanta hoto. Ki ɗauka a 1/50 ko 1/100. In janareto ne ba ya tsayawa daidai, ki koma labulen farko na lantarki.

Malam na Zariya, idan ka yi jarrabawar jaridar nan, don Allah ka rubuto mana abin da ka gani, mu karanta wa 'yan'uwanka masu sana'a a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.