Darasi: Tazarar Haihuwa Ga Iyalin Da Ke Nesa Da Asibiti

'Yan'uwa manoma, darasin wannan wata bai shafi taki ko iri ba. Ya shafi uwargida wadda muke noma tare da ita. A karanta shi a taron ƙungiya, maza da mata suna zaune.

Kakanninmu sun san illar kwanika. Shi ya sa mace takan tafi gidan iyayenta wankan jego, ta kuma yi goyo wajen shekara biyu kafin yaye. Yau wannan al'ada ta yi rauni, amma jikin mace bai sāke ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani ciki, in kuwa ɓari aka yi, wata 6. Idan ciki ya zo da wuri, jinin uwa bai komo ba, jariri yakan zo ƙarami, na goye kuma a yaye shi ba shiri. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Jigawa takan haihu wajen sau bakwai a rayuwarta. 'Ya'ya kyautar Allah ne, ba wanda ya yi musu. Maganarmu ita ce uwar ta rayu ta rene su.

Da yawa cikinmu sun san ƙwaya da allura. Ƙwaya kullum ake sha, allura kuwa kowane wata uku. Ga mai zama a garin Birnin Kudu wannan ba wuya. Ga mutumin ƙauyen Gwaram, wata uku yakan cika a tsakiyar Agusta, ga noma na biyu, ga rafi ya kawo, ga kuɗin babur babu. Na san wata 'yar ƙungiyarmu da ta yi haka. Ta ce bari ruwa ya janye, da ta je sai aka tarar da ciki, ɗanta kuwa bai cika shekara ba. Ban ga laifinta ba. Cikin mata 100 masu shan ƙwaya, wajen 7 sukan yi ciki a shekara, yawanci saboda mantuwa ko yankewar magani.

Akwai hanyoyi biyu masu daɗewa waɗanda ba su bukatar wannan zirga-zirga.

Ta fari ita ce wadda mata suke kira ashana. 'Yar roba ce mai laushi, tsawonta kamar tsinken ashana. Akan yi allurar kashe zafi a sa ta ƙarƙashin fatar damtse, cikin 'yan mintoci an gama. Implanon ɗaya ce, tana aiki shekara 3. Jadelle biyu ce, shekara 5. Ana iya sa ta bayan haihuwa, ba ta hana nono. Cikin mata 100 ko ɗaya ba ta cika yin ciki a shekara ba. Amma dole in faɗi gaskiya: tana sāke al'ada. Wata jini ya riƙa ɗiga mata, wata ya daɗe, wata ya ɗauke sarai. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba, kada a tsorata. In ya dame ta, ta koma asibiti, akwai abin da za a ba ta. Mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya lalle ta faɗa tun da fari, gama waɗansu magungunan nan suna rage ƙarfin ashana.

Ta biyu ita ce robar mahaifa mai tagulla. Tana kai shekara 10. Akan sa ta cikin awa 48 da haihuwa, ko kuwa a jira sati 4. A watannin fari al'ada takan yi yawa, da ciwon mara, don haka mai ƙarancin jini ta yi shawara da ungozoma tukuna. Dukansu biyu ba su kāre mutum daga ciwon sanyi ko ƙanjamau. Ba su kuma jawo rashin haihuwa. Ranar da aka cire, mace tana iya yin ciki ba da daɗewa ba.

Dā sai likita ko nas ke yin wannan aiki. A 2014 gwamnatin tarayya ta yarda a horar da malaman lafiya na ƙauye su ma su riƙa sa wa. Tun 2011 kuma ta ce kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko da yake wani lokaci kaya sukan yanke, wani wuri kuma a ce a sayi safar hannu.

To, ga abin da na fi so ku riƙe. Sa wa ya fi cirewa sauƙi. Wani lokaci ma'aikata sukan zo ƙauye rana ɗaya su sa wa mata da yawa, su tafi. Bayan shekara, miji da mata sun shirya neman haihuwa, ko jini ya hana ta sakewa, ba wanda ya iya cirewa a kusa. Daga nan ne ƙiyayyar abin take farawa, har wata ta nufi wanzami. Kada a yi haka ko kaɗan, gama akwai jijiyoyi a wurin. Kafin a miƙa hannu a yi tambaya: wa zai cire, a ina, nawa ne? Mace tana da iko a cire mata duk ranar da ta so, ba sai shekarun sun cika ba. In ashana ta nutse ba a jin ta da yatsa, sai a tura ta babban asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.

Maigida, ka raka ta, ka ji bayanin da kunnenka. Katin da aka rubuta ranar sa wa da ranar cirewa, a ajiye shi inda ake ajiye katin ƙungiya. Magatakarda kuma, kafin taro mai zuwa, ya je ɗakin shan magani mafi kusa tare da shugabar zumuntar mata, su tambayo ko akwai wanda aka horar ya sa ya kuma cire, da ranar da yake zama.