Ƙwan Lantarki: Mai Tsada Ko Mai Araha?

Yanzu da kuɗin shinkafa ya shigo hannu, magidanta da yawa a Haɗeja suna tambaya ko ƙwan lantarkin nan da a ke kira LED ya ci kuɗinsa, tun da ya fi tsohon ƙwai mai zare tsada.

To, ga lissafi. Tsohon ƙwai mai wat 60, in an kunna shi awa 5 kowane dare, a wata zai sha yunit 9. LED mai wat 9 haskensu ɗaya, amma ba zai sha yunit ɗaya da rabi ba. Dalili kuwa, yawancin wutar da tsohon ƙwai ya ke sha zafi ta ke zama, shi ya sa ba ya taɓuwa. Bayan awa kamar 1,000 sai ya mutu, watau wajen wata bakwai ke nan. LED na kirki ya kan yi shekaru.

Wanda ke da mitar KEDCO ta kati shi zai fara ganin riba. Wanda ba shi da mita, a ke yanka masa kuɗi duk wata, ribarsa kaɗan ce. Amma manomin fadama na wajen Auyo ko Guri mai sola da batir guda, lalle LED ya kamace shi, gama shida ba su kai cin tsohon ƙwai ɗaya ba.

Sai dai a kula, akwai jabu a kasuwa. Kada a kwasa da yawa. A sayi ɗaya, a sa mai kanti ya gwada, a fara da zaure ko ɗakin da yara ke karatu.