Zogala da danginta

Zogalar da ake shukawa a garaken Maraɗi, asalinta daga ƙasar Indiya take. Amma tana da dangi: zogala iri 13 ce a duniya.

Kamanninsu sun bambanta. Ta Habasha, ganyenta ya fi na tamu faɗi. Ta Madagaskar, gindinta ƙato ne kamar na kuka, nan take ajiye ruwa. Ta ƙasar Larabawa, mai ake tatsa daga ƴaƴanta.

Ko cikin garka guda, wata zogala ta fi wata yawan ganye, wata ta fi jure ƙishirwa. Wannan gado ne. Kowace ƙwaya tana ɗauke da halin iyayenta. In an dasa reshe, sabon icce yakan yi daidai da uwarsa. In ƙwaya aka shuka, yana iya bambanta.

Don haka manomi mai dabara yana tara iri daga itatuwa da yawa. In cuta ta kama wasu, wasu su tsira.

Tambayoyi
1. Zogala iri nawa ce a duniya?
2. Don me ake tara iri daga itatuwa da yawa?