Mazaunin Injin Mota

Injin mota ba a kan zallar ƙarfe yake zaune ba. Tsakaninsa da gangar jikin motar akwai mazauni, wanda makanikai ke kira injin sit. Yawancin ƙananan motoci suna da uku ko huɗu. Kowanne roba ce mai kauri da aka manne tsakanin ƙarafa biyu: ƙarfe ya riƙe nauyi, roba ta shanye jijjiga. Akwai kuma mai ruwa a ciki. Ya fi sa mota laushi, amma da tsada, kuma da zarar ruwan ya tsiyaye ya tashi aiki.

A 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da Plymouth mai inji a kan roba, yadda zai ɗan yi lilo ba tare da ya kaɗa fasinja ba.

Mazauni abu ne ƙarami, amma ba na rainawa ba. A 1971 kamfanin General Motors ya kira motocin Chevrolet sama da miliyan 6 don a gyara su. Idan mazaunin hagu ya tsinke, sai injin ya ɗago, ya ja totur, motar ta zabura direba bai taka ba. Maganin da aka yi shi ne ɗaure injin da igiyar ƙarfe. Mazaunai da yawa yanzu ana ƙera su da ƙarafa masu sarƙe juna, don ko robar ta rabu injin ba zai tsere ba.

Zafi yana busar da roba har ta tsattsage, ramukan hanya suna wahalar da ita. Babban abokin gabanta kuwa shi ne baƙin mai. In yana ɗiga a kanta, sai ta kumbura ta yi laɓo-laɓo. Wanda ya canja mazauni bai toshe yoyon mai ba, asarar kuɗi ya yi.

Mazauni in ya gaji ba ya ɓoyuwa. Sitiyari yana rawa mota tana tsaye, ana jin ƙwaram in an sa giya. Bakanike yakan buɗe bonet ya tsaya a gefe, ba a gaban motar ba. Direba ya ja birkin hannu, ya danne birki, ya sa giya, ya ɗan taɓa totur. In injin ya yi tsalle, mazaunin ya mutu.

Mai sayen mazauni na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya lanƙwasa robar ya duba tsaga, ya kuma duba ko ta fara rabuwa da ƙarfen.