Tsadar Magani da Tallafin Masu Ƙaramin Ƙarfi a Nijeriya: Tsakanin Tanadin Doka da Isa ga Majinyaci

1.0 Gabatarwa

Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. Bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo. Masu hawan jini da ciwon sukari, waɗanda shan magani ya zame musu na kullum, su suka fi jin jiki: wani ya sayi rabin abin da likita ya rubuta, wani ya riƙa tsallake kwanaki. Wannan maƙala ta duba tanadin da doka ta yi musu da abin da ke hana shi isa gare su.

2.0 Tanadin Doka

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Rabinsa na biyan kuɗin jinya ne ta hanyar inshora, kashi 20 kuma na magunguna da alluran rigakafi. A 2022 dokar hukumar NHIA ta wajabta inshorar lafiya, ta kuma ware asusu domin masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da mabuƙata. Hukumomin jihohi, irin su KSCHMA a Kano, su ke yi wa jama'a rajista.

3.0 Inda Gizo ke Saƙar

Tallafin yana rataye ne ga rajista, alhali talaka ba ya neman asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa, kuma kemis ɗin unguwa yake fara zuwa. Wanda ya yi rajistar ma, idan maganin ya yanke a asibiti, dole ya koma kasuwa. A can kuma sau da yawa da sunan kamfani ake neman magani, ba da sunansa na asali ba. Norvasc da amlodipine, alal misali, sinadarinsu ɗaya, amma akwai rata a farashinsu.

4.0 Kammalawa

Doka ta yi tanadi, saura isar da shi. Ya kamata a kai rajista unguwanni da ƙauyuka ta hannun masu unguwanni da limamai tun mutane suna da lafiya, a tabbatar da magani a asibitocin matakin farko, likitoci kuma su riƙa rubuta shi da sunansa na asali.