Yadda Ake Lissafa BMI da Wayar Hannu, da Abin da Lambar Ke Faɗa Game da Lafiya

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar lafiya irin su Samsung Health ya ga an nemi tsawonsa da nauyinsa, daga nan sai ta fito da wata lamba mai suna BMI. Matasa da yawa a Gaya da Ajingi kan saka abin da suka kintata kawai su wuce. Wannan darasi zai nuna yadda ake samun lambar daidai, da abin da take nufi, da kuma inda take gazawa.

Mene ne BMI?

BMI ma'auni ne da ke gwada nauyin mutum da tsawonsa. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya fito da tsarin a shekarun 1830, sannan Ancel Keys na Amurka ya raɗa masa wannan suna a 1972. Lissafin ba shi da wahala: nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita sau tsawo a mita.

Mataki na farko: awo

Waya ba ta auna nauyi ko tsawo, lissafi kawai take yi. Saboda haka sai an nemi sikeli, a kemis, ko asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko Babban Asibitin Gaya. A cire takalmi da hula, a fitar da waya da makullai daga aljihu. Tsawo kuwa, mutum ya jingina da bango a miƙe, wani ya yi alama daidai saman kansa, a auna da tef ɗin tela.

Kuskure kaɗan a tsawo yana sauya sakamako, domin sau biyu yake shiga lissafin. Mai kilo 70 da tsawon mita 1.70 zai samu 24.2. Idan ya rubuta 1.65, lambar za ta koma 25.7, wato ta tsallaka wani rukuni alhali jikin bai canza ba.

Mataki na biyu: lissafi

Kalkuletar waya ta isa, ba sai an kunna data ba. Ga mai kilo 62 da tsawon mita 1.70: a buga 1.70 × 1.70, zai ba da 2.89. Sai a buga 62 ÷ 2.89, amsa 21.5. Mai son bin diddigin kansa wata-wata zai iya buɗe Google Sheets, ya sa nauyi a A2, tsawo a B2, ya rubuta =A2/(B2*B2) a C2.

A lura, wasu manhajojin an saita su a kan fam da inci irin na Amurka. Kilo ɗaya fam 2.2 ne, inci ɗaya kuma santimita 2.54. Idan amsa ta fito kamar 0.002, an saka santimita ne a gurbin mita.

Fassarar lambar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa manya kamar haka:
Ƙasa da 18.5: rama
18.5 zuwa 24.9: daidai
25 zuwa 29.9: nauyi ya yi yawa
30 zuwa sama: ƙiba mai haɗari

Ga mai tsawon mita 1.70, daidai ɗin yana tsakanin kilo 53.5 da 72.

Haɗari ta gefe biyu

Yawancin bidiyon da ke yawo a TikTok kan rage tumbi suke magana, amma a karkara rama ma matsala ce. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ƙasa da 18.5, kashi 28 kuma sun kai 25 ko sun haura.

Yawan ƙiba na ƙara yiwuwar hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon gwiwa. Rama kuma tana raunana garkuwar jiki, kuma macen da ta ɗauki ciki tana rame ta fi fuskantar haihuwar jariri maras nauyi. Manomi kan zube kaɗan da damina, lokacin da noma ya yi yawa rumbu kuma ya yi ƙasa. Amma ramar da ta zo tare da tari na sama da mako biyu, zufar dare ko zazzaɓi tana buƙatar gwajin tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Budurwa mai kilo 45 da tsawon mita 1.62 za ta samu 17.1. Mafita a nan abinci ce, irin su wake, gyaɗa, ƙwai, nono da zogale, tare da ganin ma'aikacin lafiya don gano dalili. Ƙwayoyin “sha ka fashe” da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook ba mafita ba ne. Wasunsu na ɗauke da dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya tayar da suga da hawan jini idan an daɗe ana sha.

Inda BMI ke gazawa

Lambar ba ta bambance tsoka da kitse. Ɗan dambe ko mai ɗaga ƙarfe zai iya haura 25 ba tare da kitse ba, wani siriri mai tumbi kuma ya faɗa rukunin daidai. Don haka a haɗa da awon ƙugu daidai saitin cibiya: kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85.

Wannan jadawali ba na mai juna biyu ba ne, ba kuma na yara ba. Daga shekara 5 zuwa 19 ana duba BMI ne tare da shekaru da jinsi. Yara ’yan wata 6 zuwa 59 kuwa, ma'aikatan lafiya na auna damtsensu da tef mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, alamar tamowa mai tsanani, sai a garzaya asibiti.

Wanda lambarsa ta kai 25 ya nemi a auna masa hawan jini da suga, domin su biyun kan daɗe a jiki ba alama. Wanda tasa ke ƙasa da 18.5, ko take sauka wata bayan wata ba dalili, ya ɗauki wayar da abin da ya rubuta a ciki ya nuna wa likita.