Sunan wa ke kan takardar haya?

Wani dattijo manomin shinkafa daga Maradun ya shigo ofishina da ɗansa, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Mai gidan haya ya fitar wa yaron da katifa da jaka waje, ana tsakiyar jarrabawa.

Ɗalibai uku ne suka kama ɗaki haya na shekara, sunayensu duka a kan takarda. Ɗaya ya gama difloma da sauran wata bakwai a hayar, sai ya sayar wa yaron nan gurbinsa. Uban ya kai buhunan shinkafar da ya noma a Bakolori kasuwa ya biya. Wani dillalin bakin titi ya tsaya a tsakani, ya karɓi la'adarsa, ya ce ba sai an dami mai gida ba, ai ɗaki ɗaya ne, kai uku ne. Babu rasit, babu shaida, sai saƙon WhatsApp.

Na ce, "Baba, ina takardar?" Ya ce, "Lauya, ai amana ce." Takardar da na karɓo daga sauran biyun ta rubuta ƙarara cewa ba a sa wani a ɗakin sai da izinin mai gida. A wurin alƙali yaron baƙo ne, bai da ko ƙafar tsayawa. Wanda ya ci kuɗin yana Kaduna, waya a kashe. Shi ma bai tsira ba, don bashin wuta da ƙofar da aka karya sunansa suke bi. Dillalin kuwa ya rantse bai taɓa ganinsu ba. Irin waɗannan su ke ɓata wa dillalan kirki suna, kuma ku ɗalibai ku ke ciyar da su.

Ban ga laifin mai gidan sosai ba. Tun da aka sace ɗalibai a Kwalejin Noma ta Bakura a 2021, wa zai yarda baƙuwar fuska ta kwana a gidansa bai sani ba? Mai unguwa shi zai fara tuhuma.

In za a canza ɗan haya, a je wurin mai gida, ku duka, har da masu zama. A soke tsohon suna, a rubuta sabo, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. Kuɗi a miƙa su nan take, a karɓi rasit. A duba mita. Mai fita ya karɓi rubutu cewa ba a bin sa komai. Ku daina biyan dillalin da ya ce kada a gaya wa mai gida. Ku daina.

Da ƙyar da roƙon mai unguwa aka bar yaron ya ƙarasa jarrabawa a ɗakin, bayan uban ya sake biyan wata uku.